Wa Aka Ba Makirufo? Tambayar da nake yi wa fasahar fitilu da kwamfuta



Daren Juma'ar da ta wuce muna zaune a fada, shayi na biyu yana kan gawayi, sai wani ƙanenmu ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Yaya, dubi abin da mutanen Japan suka yi." Ɗan gajeren bidiyo ne. Wata yarinya tana tafiya cikin ƙaton ɗaki mai duhu, furanni na haske suna tsirowa a bango da ƙasa, ruwa na haske yana kwararowa daga sama, in ta tsaya sai ruwan ya rabu ya kewaye ƙafafunta. Wayar ta zagaya hannu bakwai. Kowa ya ce kai! Daga nan wani ya ce, "Mu dai a bar mu da jiran wuta." Aka yi dariya, aka koma hirar ƙwallo.

Maganar nan tasa ta bi ni har gida. Wasa ya yi, amma akwai hukunci a cikin wasan: wai wannan irin fasaha ta masu kuɗi ce, mu namu kallo ta gilashin waya. Na yarda da rabin maganar. Ɗayan rabin ne ban yarda da shi ba, shi ya sa na zauna rubutun nan.

Bari in fara da bayanin abin, don wanda bai taɓa cin karo da shi ba. Masu harkar suna ce masa enstalasiyon. Zanen da muka saba da shi ana rataye shi a bango, ka tsaya daga nesa ka kalla, ka wuce. Wannan kuwa wuri ne sukutum ake shiryawa, ɗaki ko fili ko jikin gini. A kafa majigi da fitilu da lasifika da kyamara, a haɗa su da kwamfuta. Kyamarar, ko wata na'ura, tana lura da wanda ya shigo: motsinsa, muryarsa, wani lokaci har bugun zuciyarsa. Kwamfuta ta karɓi wannan ta juya shi nan take ya zama haske ko sauti. Abin da ka gani yau, wanda ya zo gobe ba zai ga irinsa daidai ba. In babu kowa a wurin, aikin bai cika ba.

Bidiyon da ƙanenmu ya nuna mana aikin wata ƙungiya ce mai suna teamLab, wadda aka kafa a Tokyo a 2001. Taron mutane ne: masu zane, injiniyoyi, masu rubuta manhaja, masu lissafi, masu tsara gini. A 2018 suka buɗe wani gida a unguwar Odaiba mai faɗin murabba'in mita 10,000, da kwamfuta 520 da majigi 470. A shekarar farko kaɗai mutum miliyan 2.3 suka shiga. A lokacin kuɗin shiga na babba yen 3,200 ne, wajen jika goma sha shida ke nan a kuɗinmu na wancan lokaci. A 2024 sun buɗe wani a Jidda, garin da alhazanmu suke sauka.

Ba zan raina aikinsu ba. Abu mai kyau mai kyau ne, kuma haɗa majigi 470 su yi aiki tare ba tare da an ga wurin ɗinki ba, ba ƙaramin ilimi ba ne. Amma ku sake kallon bidiyon ku tambayi kanku: me yarinyar nan ta faɗa? Ɗakin ya ji ƙafarta, ya raba mata ruwa. Da ƙafar wani ce ma haka zai yi. Bai san sunanta ba, bai san abin da ke damunta ba, bai tambaye ta ba. Ta biya, ta shiga, ta ɗauki hoto, ta sa a intanet, hoton ya jawo wani ya zo ya biya. Haka kasuwar take juyawa, har ta iso fadarmu a kyauta.

In wannan ne ma'aunin, to abokina ya yi gaskiya, mu tattara mu koma hirar ƙwallo. Ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wutar lantarki ba za ta yi gasar yawan majigi da Tokyo ba, kuma bai kamata ma ta gwada ba. Sai dai akwai wani ma'auni, kuma a Meziko na same shi.

Akwai wani mutum mai suna Rafael Lozano-Hemmer. An haife shi a birnin Meziko a 1967, ya yi karatun kimiyyar sinadarai a wata jami'a a Montreal ta Kanada, can kuma yake zaune. A 2007 shi ya wakilci Meziko a babban baje kolin fasaha na Venise. Kayan aikinsa su ne ainihin kayan da hukumomi suke gadin mutane da su: kyamarar sa ido, manyan fitilun sintiri irin na kan iyaka, manhajar gane fuska, na'urar auna bugun zuciya. Yakan ɗauki waɗannan ya juya musu baki.

Na farko da zan ba ku labari shi ne mafi sauƙi. Sunansa Pulse Room, wato ɗakin bugun zuciya, ya fara nuna shi a garin Puebla a 2006 cikin wata tsohuwar masaƙa. Ƙwan fitila ɗari ne, irin na gida, a rataye a rufi. A gefe akwai ƙarfe biyu da za ka riƙe. Da ka riƙe, na'ura ta ji bugun zuciyarka, fitilar da ke kusa da kai ta fara ƙyaftawa daidai da shi. Da ka saki, bugunka ya shiga layi, duk na sauran su matsa gaba da fitila ɗaya. Ɗakin yana ɗauke da zukatan mutum ɗari na ƙarshe da suka shigo. In sabon mutum ya zo, na can ƙarshen layi ya fita, fitilarsa ta zama ta wani. Ba sai an yi wa kowa wa'azi ba. Kana tsaye kana kallon taka tana matsawa zuwa bakin ƙofa, ka san abin da ake faɗa maka.

Na biyu shi ne wanda ya fi taɓa ni. Ranar 2 ga Oktoba 1968, kwana goma kafin a buɗe wasannin Olamfik a birnin Meziko, sojoji suka buɗe wuta a kan taron ɗalibai a wani fili na unguwar Tlatelolco. Gomnatin lokacin ta faɗi adadi kaɗan. Shaidu da masu bincike da yawa sun ce waɗanda suka mutu sun kai ɗaruruwa. Shekaru da dama maganar tana ƙasa-ƙasa, ana yin ta a gida, ba a yin ta a fili.

A 2008, cikar shekara arba'in, babbar jami'ar ƙasar ta nemi Rafael ya yi abin tunawa. Wani zai gina gunki ko ya kafa dutse da sunaye, a zo a ajiye furanni a watse. Shi sai ya ajiye amsa-kuwwa a tsakiyar filin da aka yi kisan. Ya kira aikin Voz Alta, ma'ana ɗaga murya. Duk wanda ya ga dama ya zo ya yi magana, babu mai tace masa. Yana magana, wata fitila mai ƙarfin kilowat goma tana juya muryarsa zuwa walƙiya: ya ɗaga murya ta haska sosai, ya yi shiru ta mutu. Hasken yana dukan ƙololuwar wani dogon gini da ke bakin filin, tsohuwar ma'aikatar harkokin waje, daga can wasu fitilu uku su ɗauka su watsa shi sassa uku na birnin. Wanda ya hango walƙiyar daga unguwarsu, sai ya kunna rediyon jami'a a mita 96.1 ya ji abin da hasken yake faɗa kai tsaye. In babu kowa a bakin amsa-kuwwar, sai a saki tsofaffin muryoyi: shaidar waɗanda suka tsira, hirarraki, waƙoƙin 1968.

Dubban mutane suka zo. Tsofaffin da suka tsira sun ba da labarin daren. Matasa sun yi kiran zanga-zanga. Wasu sun gaida abokansu, wasu har neman aure suka yi a wurin. Wani zai ce neman aure a inda aka zubar da jini rashin ladabi ne. Ni a ganina shi ne shaidar cewa da gaske aka sakar wa mutane makirufon. Filin da aka taɓa kashe mutane don sun yi magana, ya koma filin da kowa ke faɗin abin da ke ransa, har sararin samaniyar gari tana amsawa.

Na uku ya fito daga wani sabon ciwo. Daren 26 ga Satumba 2014, a garin Iguala na jihar Guerrero, ƴan sanda suka tare ɗaliban makarantar horon malamai ta Ayotzinapa. Ƴaƴan talakawan karkara ne, kuma motocin da suka ɗauko na zuwa taron tunawa da kisan Tlatelolco ne. Ɗalibai 43 suka ɓace. A 2022 kwamitin binciken da gomnatin ƙasar ta kafa da kanta ya ce laifi ne na hukuma. Uku kaɗai aka iya tantancewa, su ma ta gutsattsarin ƙashi.

Wata shida bayan ɓatansu, Rafael ya fitar da Nivel de confianza, wato gwargwadon tabbaci. Allo ne da kyamara. An koya wa manhajar gane fuska fuskoki 43 na ɗaliban nan kawai. Ka tsaya gabanta, ta auna idanunka da hancinka da haɓarka, ta duba cikin 43, ta fito da wanda kuka fi kama, ta rubuta sunansa, ta ce tabbacinta kashi kaza ne cikin ɗari. Ba ta samun wanda take nema. Wani ya zo, ta sake dubawa. Irin manhajar da ƴan sanda suke farautar wanda ake zargi da ita, an mayar da ita mai cigiya, ba ta gajiya, ba ta karɓar umurnin a rufe fayil. Kai kuma da ka tsaya, sai ka ga fuskarka kusa da ta wani yaro ɗan shekara ashirin da uwarsa take jira har yau.

Ga inda nake so abokina na fada ya saurara. Wannan aikin ba ya buƙatar kwamfuta 520. Kwamfuta ɗaya, kyamara ɗaya, allo ɗaya. Rafael ya saki manhajar kyauta, duk jami'a ko gidan al'adu da ke so ya sauke ya kafa, kuma an bar ta a buɗe yadda masu rubuta manhaja za su iya gyara ta su sa fuskokin wasu ɓatattun. In wani mai kuɗi ya sayi aikin, kuɗin na al'ummar da abin ya shafa ne.

Na huɗu a taƙaice. A Nuwamba 2019, a kan iyakar Amurka da Meziko, tsakanin El Paso da Ciudad Juárez, ya kafa tashoshi shida, uku a kowane ɓangare. Kowace tasha tana da makirufo da lasifika da wani abin murɗawa da ke juya manyan fitilu a sama. In haskenka ya haɗu da na wani a ɗayan ƙetaren, sai layi ya buɗe, ku ji juna ku yi magana. Fitilun da aka saba farautar masu tsallaka iyaka da su, su ne suka zama wayar gaisuwa. A daidai wannan watan iyakar Najeriya a rufe take, mutanen Ɗan Isa da Jibiya, da na Ƙwanni da Illela, ba sai an fassara musu abin da hakan ke nufi ba.

To ga ma'aunin da nake magana. In an nuna mini irin wannan aiki, ba na fara tambayar majigi nawa aka sa. Ina tambaya: wa aka ba makirufo? Mutumin da ya shigo, an ɗauke shi mai magana ne, ko makunnin fitila ne kawai mai ƙafa biyu? Wa ke iya shiga, wa aka bari a bakin ƙofa?

Yanzu bari in faɗi abin da za a iya faɗa a kaina, don na san masu karatun shafin nan ba sa barin magana ta wuce haka nan.

Za a ce: duk wannan bai dawo da ɗalibi ko ɗaya ba. Gaskiya ne. Waɗanda suka hana maganar mutuwa su ne iyayen yaran, da suka shekara goma suna tattaki da hotunan ƴaƴansu a ƙirji, da lauyoyi da ƴan jarida da masu binciken ƙashi. Aikin fasaha bai maye gurbin kotu ba, kuma duk mai fasahar da ya ce ya maye, ƙarya yake. Abin da ya iya yi ƙarami ne: ya sa wanda ba ruwansa, a wata jami'a can nesa, ya tsaya minti ɗaya ya karanta sunan mutum ɗaya. Masu ɓatar da mutane mantuwa suke jira. Duk abin da ya jinkirta mantuwa ya rage musu riba.

Za a ce: shi ma Rafael ai da kuɗi yake aiki. Wannan ma gaskiya ne. Fitilar kilowat goma ba a kunna ta da batirin babur, kuma jami'a ce ta tsaya masa a Tlatelolco. Amma ku cire fitilar ku ga abin da ya rage: fili mai tarihi, amsa-kuwwa a buɗe, gidan rediyo, da tsofaffin muryoyi da aka adana. Wanne ne babu a Damagaram ko Tawa? Fitilar ta ƙara wa abin kwarjini. Tunanin da ke ƙarƙashinta bai ci ko dala ba.

Za a ce, kuma wannan ne ya fi damuna: ashe ba koya wa mutane ake yi su riƙa miƙa fuskarsu da bugun zuciyarsu ga na'ura suna murmushi ba? Akwai haɗari a nan, ba zan ɓoye ba. Mu da muka ba da yatsu da fuska wajen rajistar zaɓe, muke ba Facebook da TikTok hotunanmu kullum ba tare da mun san inda suke kwana ba, bai kamata mu yi sakaci da wannan ba. Kyamara ba ta zama mai gaskiya don an rataye ta a zauren baje koli. Duk wanda ya ce ka tsaya gaban na'urarsa, ko mai fasaha ne ko ɗan kasuwa ko jami'i, haƙƙinka ne ka tambaye shi: ana ajiye hoton? A ina? Har yaushe? Wa zai iya gani? Amfanin da na ga aikin Rafael ya yi shi ne ya fito da na'urar fili. Ka ga yadda take auna fuskarka, ka ga tana cewa kashi kaza cikin ɗari, ka gane ashe hasashe take yi, tana iya kuskure. Wanda ya ga wannan sau ɗaya ba zai ƙara yarda da "kwamfuta ce ta faɗa" ido rufe ba.

Akwai kuma dalilin da ya sa na ce maganar ta shafe mu kai tsaye. Mun riga mun shiga wannan fasahar, sai dai a matsayin waɗanda ake kallo. Wata mai fasaha ƴar Suwis, Ursula Biemann, ta yi wani aiki tsakanin 2006 da 2009 mai suna Sahara Chronicle. Bidiyoyi ne da ake nunawa a kan alluna da dama lokaci guda, mai kallo yana yawo a tsakaninsu yana haɗa labarin da kansa. A ciki akwai tashar manyan motoci ta Agadas inda matafiya ke hawa zuwa arewa, akwai mahaƙar uraniyom ta Arlit. Aiki ne na natsuwa, ba na cin mutunci ba, kuma ya zagaya zaurukan baje koli na ƙasashe da dama. Amma ni dai ban taɓa haɗuwa da wanda ya gan shi a nan gida ba. Tasharmu, hamadarmu, fuskokin mutanenmu, mutanen wata nahiya suna tsaye suna nazarinsu cikin sanyin na'ura. Ba laifinta ba ne da ta zo ta yi. Tambayar tamu ce: mai ɗaki da ya san inda yake masa yoyo, me ya hana shi magana?

Ba abin tunawa muka rasa ba. Duk wanda ya zauna a benci a ƙasar nan ya san 9 ga Fabrairu 1990, ranar da aka harbe ɗalibai uku a gadar Kennedy ta Yamai. Kowace shekara ana tunawa, ana jawabi. Amma waɗanda suke kan gadar a ranar yanzu sun manyanta, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Wa ya ɗauki muryoyinsu? A Oktoba 2013 an tsinci gawarwaki 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su: yara 52, mata 33, maza 7, akasarinsu daga yankin Kance. Duniya ta riƙe adadin. Mu da muke maƙwabtansu, sunan mutum nawa muka sani a cikinsu?

Ku ɗan yi tunanin wannan tare da ni. Fili a gari, bayan isha'i. Ƙananan fitilun sola 92, irin waɗanda ake sayarwa a kowace kasuwa, a jere a ƙasa. Kowace fitila da suna, in dangi sun yarda. Lasifika ɗaya, da muryar wata uwa ko wani ƙane yana faɗin wace ce ita, me ta fi so, me ya fitar da ita daga gida. Gidan rediyon gari yana watsawa ga wanda bai samu zuwa ba. Wani ɗalibin lantarki ya haɗa ƴar na'urar da za ta sa fitila ta ƙara haske in an ambaci mai sunan. Kuɗin wannan bai kai na wani bikin da muke gani a hotuna ba. Ban ce shi ne abin da ya kamata a yi ba, misali ne kawai. Wata ƙila ke da kike karanta wannan kina da wanda ya fi shi, a kan ambaliya, ko kan tsohuwar unguwar da aka rushe, ko ma kan abin farin ciki.

In wani ya ce ba mu da gadon irin wannan, a tuna masa da Mustafa Alasan. Bakanike ne tun farko. Kafin ya taɓa riƙe kyamara, da fitila da zanen hannunsa yake haska wa mutane hotuna suna taruwa suna kallo. A 1966 ya fitar da Bon Voyage Sim, ɗan gajeren fim na zane mai motsi, inda shugaban ƙasar kwaɗi yake tafiya ziyarar aiki da duk wani tsari na faretin manya. Da kwaɗi ya faɗi abin da mutane ke gani ba sa iya faɗa. Ya yi shekaru yana aikinsa a Tawa, ya rasu a 2015, kuma duk inda ake tarihin fim na zane a Afirka sai an ambace shi. Bai jira majigi 470 ba. Da a ce yana da wayar da ke aljihunka yanzu, me kake tsammani zai yi da ita?

Sai dai in za mu shiga, mu shiga da sharaɗi, don kada mu maimaita abin da muke kuka da shi. Ciwon mutane ba kayan ado ba ne. Ba a ɗaukar muryar uwar mamaci sai ta san inda za a sa ta, kuma tana da ikon cewa a cire. Ba a nuna gawa. Wanda ya yi magana a makirufo ya san ko ana naɗa, ya san wa ke riƙe da abin da aka naɗa, don mun san magana tana da tsada a wasu lokuta, kuma ba mai shirya taron ne ke biya ba. A yi da harsunan da mutanen wurin suke ji, Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci ko Tamashek ko Barbarci. A yi a inda mai tallan goro zai iya tsayawa ba tare da an tambaye shi katin gayyata ba. In masu ba da tallafi daga waje sun kawo kuɗi, madalla, amma aikin ya fara tsayawa a garin da aka ɗauko labarin kafin ya hau jirgi.

Ga masu riƙe da gidajen matasa da al'adu na garuruwanmu, da malaman jami'o'in Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa: kuna da bango, kuna da fili, wasunku suna da majigin da ba a kunnawa sai ranar taron bita. Kuna da ɗaliban kwamfuta da ba su taɓa zama da mai zane ba, da masu zane da mawaƙa da ba su taɓa shiga ɗakin kwamfuta ba. Ku haɗa su a ɗaki ɗaya na sati biyu, ku ba su tambaya ɗaya daga cikin garin, ku ga abin da zai fito. Na farko ba zai yi kyau ba. Waya za ta tsinke, wuta za ta ɗauke a tsakiya. Ba komai, a haka ake koyo.

Jiya na koma fada na nuna wa ƙanen nan namu bidiyon Voz Alta. Ba shi da launuka irin na Tokyo, hoton ma duhu ya yi masa yawa. Ya kalla shiru, ya ga wani dattijo ya matso bakin amsa-kuwwa, ya ga haske ya tsaga sama. Bai ce kai ba. Can ya ce, "Yaya, to in an ajiye wannan a tsakiyar garin nan, wa zai fara magana?" Na ce ban sani ba. Wani ya ce shi zai fara, wani ya ce ƙarya yake, tsoro zai ji. Shayi na uku ya huce a kan gardamar, ba wanda ya tuna da ƙwallo.

Ku fa? In an ba ku makirufon nan na minti ɗaya, gari duka yana ji, me za ku faɗa, kuma a wane fili kuke so a ajiye shi?

Allah ya sa mu dace.